Wazirin da Ke Rataye a Falona

Uwata ba ta san ko alif ba, amma ba ta taɓa tsallake takarda mai rubutun Larabci ba. A zangon Kumasi inda na tashi, sai ka gan ta da tiren ƙosai a ka, ta durƙusa a hankali, wuyanta a miƙe, ta tsinci takarda daga bakin kwata, ta goge da gefen zaninta, ta ɗora a goshi, ta soke a tsagin bango. In takardun sun taru, sai a kai wa malamin unguwa ya binne su a wuri mai tsarki. Ta ce mini ba sai na san abin da aka rubuta ba. Wanda ya sani ya sani, nawa aikin dai kada ƙafa ta taka. Ban gaji gida ko fili daga wurinta ba. Wannan durƙuson na gada, kuma da shi na shigo Ingila.

'Ya'yana sun sha kunya da ni a kasuwar unguwarmu ta Longsight. Kwalin dabino ne, ledar shinkafa ce, in dai da rubutun Larabci a jiki kuma yana ƙasa, sai na ɗauka. Babbar 'yata takan ja mini mayafi tana cewa, "Mum, it's just a box!" Sai in ce mata kwali ne a wurinki, ki ƙara gaba, zan same ki.

Ni kaina ban iya karatu ba a lokacin, na Larabci ko na boko. Na haddace surorin da nake salla da su, shi ke nan. Shekaru na yi ina share ofisoshi, ina gane bas da lambarsa, ina gane kayan miya da launin gwangwani. Sai da na wuce hamsin, 'ya'ya suka kama gabansu, sannan na shiga ajin manya da council, wato ƙaramar hukuma, ke yi da safe a wani ɗaki bayan ɗakin karatu. Ban shiga don a yabe ni ba. Na gaji ne da miƙa wa mutane takarda in tsaya ina kallon bakinsu.

A farkon shigata ajin ne wannan abu ya faru.

Gidan da ke manne da namu, wani tsoho ɗan ƙasar Iran ne a ciki shi kaɗai. Siriri ne, kullum cikin kwat da takalmi mai ƙyalli, ko madara zai saya sai ka rantse ganin sarki zai je. Da faɗa muka fara sanin juna, don ya tura kwandon shararsa ya tare mini ƙofa, ni kuwa na faɗa masa abin da ke raina da Turancina na share-share. Sai kawai ya cire hula ya ɗan rusuna. Abin ya fi zagi ciwo. Da Babbar Salla ta zo na aika masa da waakye, shinkafa da wake irin tamu ta Kumasi, da soyayyen nama, ya dawo mini da kwanona cike da wata alewa mai ƙamshin fure. Daga nan muka zama maƙwabta. Ina ce masa Baba, yana ce mini Madam. Ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Wata rana da hantsi ya faɗi a kicin. Motar asibiti ta ɗauke shi, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wasu makonni muka ji 'yarsa da ke Birmingham ta tafi da shi can, ba zai dawo ba. Sai ga wasu maza da babbar mota sun zo kwashe gidan. Suka ajiye wannan ƙaton kwandon ƙarfe da ake ce wa skip a bakin titi, suna ta watsa kaya a ciki, kujeru, labule, tukwane.

Ina dawowa daga aji, ana yayyafi, na ga wani akwatin fata ya fashe a gefen skip ɗin, takardu sun zube a kan titi. Manya ne, sun yi ruwan ƙasa don tsufa, kuma daga sama har ƙasa rubutun Larabci ne. Ɗaya daga cikin mazan nan ya ɗaga ƙafa da ƙaton takalminsa zai taka. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Ya daskare da ƙafa a sama kamar zakara. Na ajiye jakata, na durƙusa, na kwashe su tas, har da waɗanda suka manne da kwalta, na rungume na shige gida.

Ya kamata in faɗa tun yanzu, don mai karatu ya san abin da ni ban sani ba a ranar. Takardun nan su ne kaɗai abin da tsohon ya fito da shi daga ƙasarsa, kuma a can Birmingham ba ya tambayar komai sai su. Ni kuwa abin da na ɗauka shi ne littattafan addininsa ne 'yarsa ta sa aka zubar. Na yi ta mita ina shanya su. Wace irin 'ya ce wannan? Uba yana da rai an watsar da karatunsa a titi? Ni zan yi masa abin da ya dace, in sa a binne masa su da mutunci.

Na shimfiɗa su a kan tawul a falo, wasu a kan gado, wasu a kan tebur nesa da hita don kada su ƙone. Sai da suka fara bushewa na lura ba rubutu ne kawai ba. Kusan kowace tana da hoton mutum a shafin gaba, ba irin na kyamara ba, zane ne baƙi da fari, amma ya yi kyan da za ka ƙirga gashin gemu. Dattawa ne masu doguwar baƙar hula kamar an kifa turmi, da alkyabba mai zanen ganye, wasu a zaune a kujera hannu a kan sanda, wasu ƙirji cike da lambobi. A can sama kuma akwai zaki riƙe da takobi, rana na leƙowa ta bayansa.

Maigidana, Alhaji, ya dawo daga aiki ya tarar ba wurin zama. Ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya, ya yi bisimilla, ya kai ta kusa da hanci ya dawo da ita.

"To, me aka ce?" na tambaye shi.

"Wannan Larabcin manyan malamai ne. Ba wasali ko ɗaya, kuma a kwance yake."

"Ka ce dai ba ka iya ba."

"Hajiya, na ga sunan Allah a nan, ga shi kuma a nan. Ya ishe ni. A kai wa Baba Ladan ya haɗa da na cikin akwati."

A masallacinmu akwai akwatin katako da ake zuba tsofaffin shafukan Alƙur'ani da suka yage. In ya cika, ladanin, wani dattijo da ya fito daga Tamale, shi ke naɗe su a farin ƙyalle a kai maƙabarta a binne. Na yarda da maganar Alhaji, don abin da na yi niyya ke nan tun farko.

Sai ga Yaya ta shigo. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini, 'yar zangonmu ce da ta girme ni, tana zaune tsallaken titi, kuma ba a sauke tukunya a layinmu ba ta ji ƙamshi ba. Tana ganin hotunan ta tuɓe takalmi, ta dafe ƙirji.

"Lā ilāha illallāhu! Ke, kin san abin da Allah ya kawo miki gida? Shehunai ne! Dubi gemu. Dubi hasken fuska. Wannan na tsakiyar ma na taɓa ganin irinsa a gidan wani malami a unguwar Nima, can gida."

"Shehu da lambobin soja, Yaya?" in ji Alhaji.

"Kai dai Alhaji ka tsaya a tuƙin tasi. Waliyyai ba a gane su da tufafi. Binnewa? Wallahi a sa su a gilashi a rataye, gidan nan ya samu albarka."

Suka yi ta ja. Shi yana cewa hoto ba ya zama a ɗakin da ake salla, ita tana cewa ai hoton aurensa na nan a bango bai hana shi salla ba. Ni dai na tsaya ina kallon wani dattijo a cikin hotunan, mai kumburarrun idanu kamar wanda bai samu barci ba. Bai yi mini kama da waliyyi ba. Ya yi mini kama da mutumin da aiki ya yi wa yawa. Na zare shi na sa a cikin jakar makarantata, tsakanin kwali biyu, na ce zan tambaya a aji kafin a yi komai. Ko Alhaji ya ji ni ko bai ji ba, har yau muna gardama.

A ajinmu akwai wata mata 'yar Afghanistan da ke zama kusa da ni. A ƙasarsu malamar makaranta ce, a nan kuwa ga ta tana koyon A da B tare da ni, kuma ba ta taɓa nuna mini ta fi ni ba. Lokacin shan shayi na fito da takardar na ce mata, "Sister, wane Shehu ne wannan?"

Ta karɓa da hannu biyu. Ta karanta layin da ke ƙarƙashin hoton, leɓɓanta na motsi, sai ta toshe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye. Raina ya fara ɓaci. Ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri. Da guntun Turancinta da guntun nawa muka haɗa maganar. Wannan ba Larabci ba ne, Farisanci ne, harshen da ita ma take ji, haruffan ne kawai iri ɗaya. Kuma ba littafin addini ba ne. Jarida ce. Jaridar gwamnatin sarkin Iran ta zamanin da, ta fi shekara ɗari nesa ba kusa ba. Kowace fitowa sai a sa hoton wani babba a gaba, waziri ko jakada ko gwamna, a ba da tarihinsa a ciki. Dattijona mai kumburin ido waziri ne.

"Ɗan siyasa?" na ce.

Ta ce ƙwarai.

Na tuna Yaya ta tuɓe wa ɗan siyasa takalmi, ni ma dariyar ta kama ni. Amma matar nan ta daina dariya. Ta shafa gefen takardar da ɗan yatsa ta ce irin wannan ba a samunsa sai a manyan gidajen ajiye kayan tarihi, kuma duk wanda ya ɗauko su daga can ya kawo nan, ya ajiye su tsawon wannan lokaci ba su ruɓe ba, to ransa na cikinsu. Ta tambaye ni sauran suna ina. Na ce suna gida a kan tawul.

Ba su nan. Na dawo na tarar da falo fes, tawul a ninke. Na kira Alhaji a waya.

"Ina takarduna?"

"Na rage miki aiki. Na ajiye wa Baba Ladan da zan fita. Ya ce ma an yi sa'a, akwatin ya cika, yau bayan azahar za a kai."

Ban tsaya sallama ba. Ban san na iya gudu ba sai ranar. Mace mai shekaruna, da ciwon gwiwa, da jaka na dukan ƙugu, ina ratsa Stockport Road masu mota na danna mini oda. Na isa masallacin, na shiga ta ƙofar mata, na zaga ta baya inda ɗan ɗakin ajiya yake, na tuɓe takalmi na tsaya a bakin ƙofa ina haki.

Baba Ladan na zaune a kan darduma, farin ƙyalle a shimfiɗe a gabansa, takarduna a gefe, almakashi a hannunsa. Ya riga ya yanke ɗaya. Hoton na gefe guda, rubutun da ya zagaye shi na gefe guda kamar tagar da aka cire wa gilashi.

"Baba Ladan, ajiye almakashin nan!"

Ya ɗago a hankali. "Matar Alhaji, ko sallama babu?"

"Salamu alaikum. Ajiye almakashin."

"Wa alaikumus salam. Ai gyara nake yi. Ba a binne hoton mutum tare da Alƙur'ani. Rubutun zai bi ƙyalle, hotunan kuma su tafi shara."

"Jarida ce, Baba. Jaridar mutanen Iran. Waɗannan 'yan siyasa ne."

"Wa ya faɗa miki?"

"A makaranta aka karanta mini."

"Oho. Makarantar da kika shiga shekaranjiya." Ya ɗaga wani shafi ya nuna mini da bakin almakashi. "Wannan mene ne? Ba sunan Allah ba ne? Ko shi ma ɗan siyasa ne?"

Gaskiyarsa ce, sunan na nan, ko ni na gane shi. Sai na yi abin da na iya. Na shiga ɗakin, na zauna daram a gaban takardun, na ɗora hannu a kansu, na ce to sai dai a naɗe har da ni. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba, Allah ya ba Alhaji lada. Na ce amin, ya ƙara masa da kunnen jin magana.

A haka liman ya same mu da ya zo azahar. Matashi ne a kanmu, ɗan Zariya, ya yi karatu mai zurfi, ba ya da hayaniya. Ya saurari Baba Ladan, ya saurare ni, ya duba shafi biyu ya ce lallai Farisanci ne, shi ma ba ya ji sai kalma ɗaya-ɗaya. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi a cikinmu tun jiya.

"Mai su yana da rai?"

Na ce yana da rai, yana Birmingham.

"Shi ya ce a binne?"

Na ce a'a.

"To ba namu ba ne. Baba, niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba da lada. Hajiya, ke kika tsinta, amana ce a wuyanki har ta koma hannun mai ita."

Baba Ladan ya tattara su da kansa, ya haɗa da wanda ya yanke da ɓangarensa, ya naɗe mini su a cikin farin ƙyallen nan da aka tanada don binnewa. Da zan fita ya ce in gaya wa mai su ya yafe masa almakashi.

Mai shagon da ke kan kwanarmu, inda tsohon ke sayen madara, shi ke da lambar 'yar. Babbar 'yata ta kira ta da yamma ta sa a lasifika. Na shirya faɗa tsaf, na tanadi kalmomina na Turanci. Ban samu na yi amfani da ko ɗaya ba. Da matar ta ji an ce akwatin fata, sai ta fashe da kuka. Ta ce ta roƙi masu kwashe kaya su ware mata shi, da ta zo ɗauka suka ce ba su gan shi ba. Ta kasa gaya wa uban. Kullum sai ya tambaya, kullum sai ta ce yana hanya. Yanzu ya gane, ya daina tambaya, ya daina cin abincin kirki, ya juya fuska bango. Ta ce ba ta iya barinsa ta zo, amma za ta nemi wanda zai karɓa.

Na ce a gaya mata gobe ina tafe.

'Yata ta ce in bari sai ranar hutunta ta kai ni a mota. Alhaji ya ce, "Ke da ba ki taɓa wuce Stockport da ke nan kusa ke kaɗai ba?" Na ce mutum ya daina cin abinci kuna ce mini ranar hutu. Liman bai ce amanar na wuyan 'yata ba.

Ban ɓoye ba, na ji tsoro. A tashar manyan motoci na tsaya gaban allon nan mai sunayen garuruwa, wanda a da nake wucewa kamar bango. Na nemi B. Na same ta a wuri fiye da ɗaya. Na bi haruffan da yatsa a iska kamar yadda malamarmu ta koya mana, ina haɗawa a baki, har sunan ya fito. Ban tambayi kowa ba. Na hau, na zauna, ƙunshin farin ƙyalle a kan cinyata. Wata Baturiya da ke kusa da ni ta yi ta satar kallonsa, ina jin ta ɗauka jariri ne ko gawar kyanwa. A Birmingham ma haka na karanta Stratford Road a goshin bas da kaina, na bi ta unguwar Sparkbrook, shaguna da masallatai kamar ban bar Longsight ba, na sauka a Sparkhill inda 'yar ta ce za ta jira ni. Tana nan tsaye bakin wani shagon yadi. Ta rungume ni kafin in gama sallama. Duk zagin da na yi mata a raina sai ya bi ruwa.

Baba na zaune a kujera kusa da taga, bargo a gwiwa. Ba kwat, ba takalmi mai ƙyalli. Ya rame ƙwarai. Na ce, "Baba, Madam ce." Ya dube ni kamar daga nesa. Na ɗora ƙunshin a kan bargon na kwance.

Bai yi kuka ba. Ya sa hannunsa mai lafiya yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana duban kowace fuska kamar mai duba 'yan'uwa a tashar jirgi. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa 'yarsa wani abu da harshensu, ta tashi da sauri ta nufi kicin. Ta leƙo ta ce mini, "Shayi ya ce a kawo. Da burodi."

Muna shan shayin ya ba ni labari, maganarsa na fita a hankali ta gefen baki, 'yar na cike inda ya maƙale. Kakansa ma'aikaci ne a gidan da ake buga jaridar. Ya ce hotunan nan ba da inji irin na yanzu aka yi su ba, da dutse aka buga. Ana samun faffaɗan dutse a goge shi ya yi sumul, mai zane ya zana fuskar waziri a kai da alli mai maiƙo. Sai a jiƙa dutsen da ruwa, a bi shi da tawada. Tawadar ta kama inda maiƙo yake, ta ƙi inda ruwa ya kwanta. A ɗora takarda a danne, fuska ta fito. In an gama, a kankare dutsen a zana wani wazirin a kai. Na ce wannan ai ba sai an yi mini dogon bayani ba, duk macen da ta wanke tukunyar miyar ja ta san halin mai da ruwa. Ya yi murmushi da rabin fuska. Ya ce aikin kakansa ke nan, goge dutse da jiƙa shi, kuma shi ya riƙa ajiye kofi ɗaya-ɗaya yana kawowa gida. Daga kakan zuwa uban, daga uban zuwa shi. Ranar da ya bar ƙasarsu, akwatin nan kaɗai ya riƙo.

Sai ya iso kan wanda aka yanke.

Ya ɗaga hoton a hannu, ya dubi ramin da ke jikin shafin, ya dube ni. Na gyara zama na faɗa masa komai yadda ya faru, tun daga uwata da tsagin bango, da Yaya da ta tuɓe takalmi, da akwatin masallaci, da Baba Ladan da saƙonsa na neman yafiya. 'Yar tana fassara masa inda Turancina ya gaza. Da aka zo wurin cewa saura kaɗan a binne su tare da shafukan Alƙur'ani, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne. Ashe dariya ce. Ya yi ta har 'yar ta goge masa baki.

Ya ce, "Madam, a cikin mutanen nan akwai na kirki, akwai kuma waɗanda suka cinye ƙasa da lambobinsu a ƙirji. Ba wanda ya taɓa yi musu irin wannan karamci, ko a mafarki."

Ya ce in gaya wa dattijon almakashi ya yafe, kuma hannunsa na da kyau, yankan ya miƙe. Sannan ya haɗa hoton da shafinsa ya miƙo mini. Na ce a'a, amana na kawo, ba rabo na zo ba. Ya ce wannan ya riga ya zama ɗan Longsight, a can aka yi masa aski, ya koma can. Ya ƙara da cewa a ƙasarsu ma tsofaffin mata na ɗauke rubutu daga ƙasa su sumbata, kakarsa na yi. Ya tambaye ni sunan uwata don ya sa ta a addu'a. Na faɗa masa. Rabon da in faɗi sunan nan da bakina har na manta.

Kafin in tafi ya cinye burodinsa, ya nemi ƙari.

Ya rayu bayan haka har na kai masa waakye a wasu sallolin, ni kaɗai a mota, ina karanta allunan hanya don jin daɗi. Kwanona bai taɓa dawowa wayam ba. Da ya rasu, 'yar ta kira ni da kanta, ba ta bari na ji a bakin wani ba. Jaridun suna wurinta a sabon akwati.

Nawa wazirin na sa an mayar da shi cikin tagarsa, an sa a gilashi. In ka matsa kusa za ka ga layin almakashi ya zagaye shi. Yana rataye a falona kusa da hoton auren Alhaji, wanda ya daina maganar hoto a ɗakin salla tun da na nuna masa nasa. 'Yar'uwata ta aji, 'yar Afghanistan ɗin nan, ta zo har gida ta karanta mini shafin duka, ta kuma rubuta mini muƙamin mutumin da haruffan boko a bayan gilashin, na karanta da kaina. Nakan tsaya gabansa in yi wa uwata addu'a, da Baba, da kakansa mai jiƙa dutse wanda ban san fuskarsa ba don ba wanda ya zana shi.

Yaya kuwa na gaya mata gaskiya tun ranar, na maimaita mata ba sau ɗaya ba. Har gobe in ta shigo sai ta tuɓe takalmi a gabansa ta ɗan rusuna.

"Yaya, na ce miki waziri ne."

"Na ji. Wanda ya tsallake shara, ya tsallake kabari, ya sa mara lafiya ya ci abinci, ke ki kira shi abin da kika ga dama. Miƙo mini shayi."